Azumin Malam Pickersgill

A garin Skelbeck da wuya ka sami baligin da bai taɓa shan jan biron Ambrose Pickersgill ba. Shi ya koyar da Turanci a sakandaren garin tun yana da baƙin gashi har ya yi sanƙo, kuma ranar da ya yi ritaya makarantar kawai ya bari, aikin kam ya taho da shi gida. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa, kamar kullum yana leƙa littafin wani. Mai kayan miya ya san shi, don yakan fito da safe ya tarar an gyara masa allon farashi. Mai gidan abincin bakin gada ma ya san shi, tun ranar da ya rubuta desert a maimakon dessert a wajen kayan zaƙi, Ambrose ya kira shi gaban baƙi ya tambaye shi ko da cokali ake cin hamadar ko da shebur.

Mutanen gari sun saba. “Malam ne,” sai su ce, su goge su gyara. Matarsa Noreen ma ta saba, ko da yake ta daina ba shi katin murnar ranar haihuwa tun da ya dawo mata da guda an ja masa layi biyu.

Abin ya ɓaci ne ranar jana’izar Stan mahauci, mijin Beryl, yayar Noreen. Beryl mace ce mai jiki da murya, wadda ta yi shekaru tana saran ƙashi a shagon nama tare da mijinta, ita ce kuma shugabar kwamitin zauren taro na coci. Da hannunta ta rubuta katin da aka maƙala a furannin kan akwatin gawa. So take ta ce ya huta cikin salama, wato peace. Sai ta rubuta piece.

Ambrose ya gani tun a coci. Ya runtse ido, ya ɗaga murya a waƙar yabo, ya kalli silin. Har bakin kabari ya daure. Amma da aka zo gaisuwa ya riƙe hannun Beryl, sai ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

“Allah ya ba ki haƙuri, Beryl. Mutumin kirki ne. Sai dai katin nan... kin ce ya huta a gunduwa ne. Ga mahauci kuwa, kin ga ai...”

A ganinsa raɗa ya yi. Amma raɗar mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana magana da ’yan bencin baya ce. Ɗaya daga cikin masu ɗaukar gawa ya yi wani irin tari, na kusa da shi ya juya baya kafaɗunsa na rawa, nan da nan rabin masu makoki suka cusa hanci cikin hankici. Beryl ta zare hannunta a hankali.

“Ambrose Pickersgill,” ta ce, “in ka ƙara gyara mini magana a duniyar nan, da kai zan gwada wuƙar Stan.”

Suka isa gida, Noreen ta rufe ƙofa. Sai da ta cire hula, ta ɗora buta a wuta, sannan ta juyo.

“Azumi ya kusa,” ta ce. “Wasu za su bar cakulan, wasu su bar giya. Kai gyara za ka bari.”

“Haba Noreen, ai taimako ne nake...”

“Ba da baki ba, ba da biro ba, ba da wannan gyaran muryar da kake yi kamar tsohuwar mota ba. Har Ista. In ka karya, in tattara in tafi Hull wajen ’yarmu, ka zauna ƙamus ɗinka ya riƙa dafa maka dankali.”

Ta miƙa hannu, ya zaro biron daga aljihun gaba ya ba ta. Ranar Lahadi kuma ta sa shi ya maimaita alkawarin a gaban Rabaran Clough, wadda ita ma tsohuwar ɗalibarsa ce. Rabaran ta saurara da fuskar ibada, sai dai gefen bakinta ɗaya ya ƙi tsayawa wuri guda.

Makonnin farko Ambrose ya sha wuya. Ya koma tafiya kansa a ƙasa kamar mai neman allura. Da labari ya bazu, mai kayan miya ya shiga rubuta kuskure da gangan, ya tsaya a ƙofar shago ya harɗe hannu yana washe baki. Maƙwabcin Ambrose ya zo aron tsani, ya ce borrow, wato karɓar aro, inda ya kamata ya ce lend, wato ba da aro. Ambrose ya ba shi tsanin, ya shiga banɗaki ya kulle ƙofa, ya faɗi kalmar daidai a cikin tawul. Abinci ma ya rage ci. Noreen kuwa sai ta yi ƙiba, har waƙa take yi in tana wanke-wanke.

Ana cikin haka rufin zauren taro ya fara yoyo. Magina suka kafa ƙarafansu na hawa, suka kware gefe guda suka ja tamfol. Beryl ta ce ko sama za ta faɗo ba za a fasa shayin ranar Asabar ba, tunda da shi ake tara abin gyaran rufin. Ta samo tsohon zanen gado, ta samo jan fenti, ta rubuta sanarwa da haruffa masu tsayin kamu guda, aka ɗaure a ƙarafan, tana fuskantar babban titin da ke tafiya bakin teku. Ta ce ana gyara, ta ce shayin Asabar na nan kamar kullum, ta ce kowa da kowa maraba. Layin ƙarshe, wanda ya fi kowanne girma, shi ne: PLEASE BARE WITH US.

Ambrose na dawowa daga sayen jarida ya ɗaga kai bisa tsautsayi. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya har sai da mai keke ya kaɗa masa ƙararrawa.

Ya san abin da Beryl ke nufi. So take ta ce a yi haƙuri da su, wato bear. Haruffan nan huɗu duk ta kawo su, wurin zama kawai ta sauya musu. Amma abin da ta rataye a gaban coci, da jan fenti, shi ne: don Allah ku zo ku tuɓe tare da mu.

Ya jira wani ya lura. Babu wanda ya lura. Garin da ya daɗe yana da mai gyara masa rubutu ya daina karantawa da kansa, ’yan kaɗan ɗin da suka gani kuma sun san Beryl, sun san wuƙar Stan.

Sai ya shiga dabara. Ya gayyaci Rabaran Clough yawon shan iska, abin da bai taɓa yi ba, ya bi da ita ta gaban zauren, suka dawo, ya sake bi da ita. Ya tsaya daidai ƙarƙashin zanen yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

“Kai, Malam,” ta ce tana kallon sama, “dubi wannan ɓarna.”

Ya miƙe da sauri. “Kin gani ko?”

“Na gani mana. Katakon nan duk ya ruɓe. Ban san inda za mu kai da rufin nan ba.”

Kashegari ya tuna cewa kalmar da Beryl ta ɓata ita ce kuma sunan ƙatuwar dabbar nan mai gashi ta ƙasashen sanyi, beyar. Ya shiga shagon kayan wasan yara ya sayi ƙatuwar ’yar tsanar beyar mai jan ƙyalle a wuya, ya kai ta ƙofar zauren ya zaunar da ita daidai ƙarƙashin kalmar, ya ɗaga mata hannu ɗaya yana nuna sama. Beryl ta fito da bokiti ta same shi yana gyara mata zama. Ta kalli ’yar tsanar, ta kalle shi, sai ga idonta ya kawo ruwa.

“Stan ya taɓa ciyo mini irinta a wasan kasuwa,” ta ce. “To, na ji. Na yafe. Ashe kai ma kana da zuciya, dogon banza.” Ta rungume ’yar tsanar ta shige da ita.

“Beryl,” ya ce da sauri, “sanarwar nan taki... ko za ki karanta mini ita da ƙarfi? Idona ne ya fara rauni.”

Ta karanta masa tiryan-tiryan. A baki kuwa kalmomin biyu ba su da bambanci ko na ƙwayar zarra, don haka daidai ta fito.

“Ta yi ko?” ta tambaya.

Ambrose ya kawar da ido daga zanen. “Ana... ana ganinta daga nesa,” ya ce.

Abin da ya rage masa shi ne addu’a. Ya roƙi iska, iska kuwa ta zo, ta tumɓuke shingen maƙwabcinsa, ta kwashe kwandunan shara har bakin gada. Zanen ko gezau. Ɗaurin matar mahauci ne.

Ranar Asabar aka tashi da yayyafi da sanyi mai shiga ƙashi. Noreen ta sa shi a bakin ƙofa, aikinsa karɓar kwat ya rataye, don a ganinta nan ne mutum ba ya buƙatar buɗe baki. Ita tana can ƙarshen zauren wajen babbar butar shayi, inda take hango shi sarai. Zauren ya cika da tsofaffi da masu jego da ’yan kwamiti, bokitai biyu na karɓar ɗigon ruwa a tsakiya.

Can sai wata ƙaramar bas ta tsaya. Mutane suka fara saukowa, maza da mata, yawancinsu masu furfura, kowa cikin doguwar kwat an maɓalle har wuya, kowa da takalmin ruwa, kowa da tawul a naɗe a hammata. Ambrose ya kalli tsakanin ƙarshen kwat da bakin takalmi. Babu wando. Babu siket. Ƙwauri ne zalla, sanyi ya mai da shi shuɗi-shuɗi.

Na gabansu, wani gajere mai kumatu ja, ya buɗe hannu biyu.

“Malam Pickersgill! Ba ka gane ni ba? Lionel Entwistle! Bencin baya, kusa da taga!”

“Entwistle,” in ji Ambrose. “Me ya kawo ka?”

“Ni ne shugaban Ƙungiyar Masu Shan Iska ta Kwarin Wend yanzu, Malam. Mu ne muka yarda cewa tufafi ne tushen rabin cututtukan duniya. Shekara da shekaru muna neman zauren da zai karɓe mu, ko’ina sai a ce mana an cika. Sai ga shi ma’ajinmu ya wuce ta nan ya ga gayyatarku. A coci kuma! Wallahi har da masu hawaye a cikinmu. Ina ake rataye kwat?”

Ambrose ya baje hannuwa ya tare ƙofar ciki. Ya waiga. Noreen ta tsaya da buta a hannu tana kallonsa.

“Akwai sanyi a ciki,” ya ce. “Rufin a buɗe yake.”

“Mu da muke wanka a teku ran sabuwar shekara!”

“Kujerun na ƙarfe ne.”

“Shi ya sa kowa ya zo da tawul ɗinsa, Malam. Mu masu tsari ne.”

“Shayin da zafi. In ya zube wa mutum...”

“Mun ƙware a riƙon kofi,” in ji wata tsohuwa mai tabarau daga baya, hannunta tuni yana kan maɓallin farko.

Lionel ya ɗan matso, ya rage murya. “In gaya maka gaskiya, Malam, sai da muka yi gardama a taronmu. Wasu suka ce kuskuren rubutu ne. Ni na tashi na ce musu, ku tsaya, Skelbeck fa ake magana. Garin Malam Pickersgill. Mutumin da ya tsare ni bayan an tashi saboda waƙafi ɗaya. In da kuskure ne, da zanen nan bai kwana a rataye ba. Tunda ya yi mako yana nan, to abin da aka rubuta shi ake nufi. Da wannan na rufe bakin kowa.” Ya dube shi cike da girmamawa. “Ko da kuskure, Malam?”

Gumi ya tsattsafo wa Ambrose a sanƙo duk da sanyin. Ya ga Hull, ya ga kansa shi kaɗai da tukunyar dankali. Ya ƙara baje hannuwa a ƙofar.

Wani dattijo mai kurman kunne, wanda bai ji ko ɗaya daga cikin maganar ba, ya gaji da jira. Ya sulale ta ƙarƙashin hannun Ambrose ya shiga zauren, ya shimfiɗa tawul ɗinsa a kujerar farko, ya yi wa matan kwamiti murmushi, ya kwance kwat ɗinsa ya saɓule ta daga kafaɗa.

Daidai lokacin Beryl ta fito daga kicin da faranti shaƙe da kek.

Ihun da ta yi sai da tattabarun kan ƙarafa suka watse. Faranti ya yi sama, kek ya yi ruwa. Wata mai jego ta kife hula a fuskar jaririnta. Rabaran Clough ta fizge ƙyallen teburi da kofunan da ke kansa gaba ɗaya, ta yi kan dattijon da shi tana kallon gefe. A bakin ƙofa kuma sauran baƙin, da suka ga an fara, suka shiga ɓalle maɓalli.

“KOWA YA TSAYA!”

Muryar ce da ba a ji ba tun ranar da ya yi ritaya. Tagogi suka amsa.

“Entwistle, maɓalli! Har wuya! Ke mai tabarau, ina ganinki! Kowa ya zauna!”

Zauren gaba ɗaya ya zauna, ’yan gari da baƙi. Rabaran ma ta sami kanta a kujera hannunta bisa cinya. Mai kayan miya ya cire cingam daga baki ya ɓoye a tafin hannu. Ambrose ya taka zuwa allon da ake rubuta farashin shayi, ya goge da hannun riga, ya ɗauki alli kamar mai jin yunwa da aka miƙa wa abinci.

“B, E, A, R,” ya rubuta, yana faɗi. “A yi haƙuri, a jure, a ɗauki nauyi. B, A, R, E. A tuɓe. A kunne ɗaya suke, a takarda kuwa tsakaninsu akwai wando. Wanda ke rataye a waje na biyun ne, na farkon ake nufi. Akwai tambaya?”

Lionel Entwistle ya ɗaga hannu a hankali. “To Malam, ba a gayyace mu ba ke nan?”

“An gayyace ku shan shayi. A cikin kwat.”

Beryl ta taho, kek a gashinta, tana huci. Ta tsaya gabansa hannu a ƙugu.

“Ka sani,” ta ce. “Tun yaushe?”

“Tun ranar da kika rataye.”

“Mako guda cur sunana na kaɗawa a bakin titi ina kiran duniya ta zo ta tuɓe, kai kana kallo? Kai da ba ka iya barin kati ya huta a kan gawa?”

“Ke kika ce in na ƙara gyara miki...”

“Wancan ai kabari ne, sakarai! Matacce ba ya cire kwat!” Ta tsaya, idonta ya ƙanƙance. “’Yar tsanar nan fa? Ba ta ban haƙuri ba ce?”

“Alama ce,” in ji Ambrose a sanyaye.

“Alama! Na kwana da alama a kan gadona ina kuka!”

Wani sauti ya taso daga ƙarshen zauren. Ambrose ya juya. Noreen ce ta ajiye buta, ta dafa teburi da hannu biyu, tana dariya har numfashinta na ɗaukewa, hawaye na bin kumatunta. Ta yi ƙoƙarin magana ta kasa, ta nuna yayarta, ta nuna dattijon da ke zaune an naɗe shi da ƙyallen teburi yana tambayar ko an fara raba shayi, ta sake dafe ciki.

Baƙin dai sun zauna. Suka sha shayi cikin kwat, gwiwa a haɗe, suka cinye duk kek ɗin da bai taɓa ƙasa ba, har da wanda ya taɓa. Da aka zagaya da kwanon taimakon rufi ba su yi rowa ba, ko da yake sai da aka jira su koma bas su ɗauko, don babu mai aljihun wando. Wani magini ya hau ya kwance zanen, sai da ya sa wuƙa.

A hanyar gida Ambrose ya riƙe laima har suka wuce gada.

“In ɗauko miki akwatin tafiya Hull daga saman kabad?” ya ce.

“Rabaran ta ce lalura ce, azuminka bai karye ba,” in ji Noreen tana share ido. “Ni kuma na ce ya isa haka. Amma ka saurara. Abin da aka rataye a bango, ka gyara. A kunnen mai shi, ba a gaban jama’a ba. Ban da jana’iza, ban da biki, ban da ni.”

“In kuma Beryl ce?”

“Beryl sai ka fara tsayawa nesa da wuƙarta.”

Bai ma sha wahalar zuwa ba. Daga ranar, duk sanarwar da kwamiti zai kafa, Beryl kan zo da ita da kanta, ta jefa masa kan teburi ba sallama, ta tsaya a kansa har ya gama, ta fizge ta tafi ba godiya.

Da bazara ta shigo Lionel Entwistle ya zo har gida, cikin tufafi, ya roƙi Malam ya je ya yi wa ƙungiyarsu darasi a kan kalmomin da ke rikita mutane, don kada a sake jan su tafiyar banza. Noreen ta ce sai dai ya je shi kaɗai. Ya je, sanye da kwat da falmaran da laktaye, a ranar da ake zafi kamar a gasa burodi. Ya yi darasinsa tun daga farko har ƙarshe idonsa na kan reshen wata bishiya. Da ya dawo Noreen ta tambaye shi yadda aka yi.

Ya zauna, ya kwance laktaye, ya yi ajiyar zuciya.

“Ban taɓa samun aji mai natsuwa irinsa ba,” ya ce. “Babu mai wurin ɓoye komai.”